Mai Keke da Babur Ɗin Yayansa

A layin teloli da gidajen da mata ke ɗinki a tsakar ɗaki, idan keke ya fara tsallake zare ko cin allura, ba a dogon tunani, sai a ce a nemo Mai Keke. Sunan da ya bi shi ke nan shekara talatin da 'yan kai, har ya danne na yanka. Siririn mutum ne mai ɗan doro, irin wanda sunkuyo kan aiki ke sa wa mutum, da tabarau ɗaure da zare ta ƙeya. Jakarsa ta fata ta sha hannu har ta yi baƙi. A cikinta akwai sukudireba huɗu, da kwalbar mai mai dogon baki, da tsohon buroshin haƙori, da gwangwanin alewa cike da ƙananan notuna waɗanda shi kaɗai ya san keken da kowanne zai shiga. Idan ya zauna gaban keke zai juya tayar da hannu a hankali, ya karkata kai, ya ce, "Wa ya taɓa nan?" A ce ba kowa. Ya ce, "To, aljani ne," ya ci gaba da aikinsa.

Duk da sunan nan, bai taɓa mallakar keken hawa ba. Da ƙafa ya yi sana'arsa, kuma bai taɓa ganin hakan a matsayin rashi ba.

A gida kuwa Auta ne. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da yayansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yaya ma'aikacin ofishin ruwa ne, mai bin gida-gida yana karanta mita. Ƙato ne, mai murya, mai barkwanci, irin mutanen da in suka shigo gida sai ka ɗauka mutum biyar ne suka shigo. Yana da wani baƙin babur da ya saya tun Auta yana sabon aure, kuma shekara talatin da biyar bai yarda wani bakanike ya ɗora masa hannu ba. Kowace Asabar da safe zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sufanu, ya yi ta hira da babur ɗin da duk wanda ya wuce. Auta kan zo gaishe shi ya tarar da shi a haka, ya tsaya daga nesa don kada baƙin mai ya taɓa masa riga.

Bayan Yaya ya yi ritaya da shekara biyu matarsa ta rasu. Bayan wata tara kuma, wata safiya, maƙwabci ya same shi a kwance a bakin famfo, buta a gefe. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, maganar nan da ba ta ƙarewa ta tsaya cak. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa, ga yara ƙanana. Auta bai jira taron dangi ba. Ya ce wa matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Biyu saboda tagwayenta da suka daɗe da aure, ta share ɗakin gaba. Ta share, ta sa sabon labule.

Likita ya ce sai an riƙa kawo shi gashin ƙashi sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, kuma asibitin yana can ƙarshen gari. Haka Mai Keke, yana da shekara hamsin da shida, ya fito da babur ɗin Yaya ya koyi hawa a filin makaranta. Ya faɗi sau uku, ya ƙuje gwiwa, ya ƙona ƙauri da salansa. Teloli suka samu abin faɗa. "Mai Keke ya ci amanar keke!" Shi dai ya yi murmushi. Ranar gashi Uwar Biyu za ta taimaka a ɗora Yaya a baya, ta ɗaure su tare da dogon ƙyalle, ta ɗauki hannunsa mai rai ta ɗora a kafaɗar mijinta, ta ce, "A hankali dai, Malam, ba tsere ba ne."

Watannin farko babur ɗin bai ba shi matsala ba. Akwai ma wata 'yar ƙara da yake yi, cak-cak-cak, daga saman injin, wadda ke damun Auta, domin a sana'arsa ƙara alamar ciwo ce. Da tafiya ta yi tafiya ƙarar ta ragu, ta ɓace, injin ya yi lif. Ya ji daɗi, har ya ce wa matarsa babur ya saba da shi.

Daga nan abin ya fara. Da safe, injin da sanyinsa, kik ɗaya ya tashi. Amma in aka yi tafiya ya ɗauki zafi, aka kashe shi na minti biyar, to sai dai haƙuri. Auta zai taka kik har gumi ya jiƙa masa riga, babur ya yi kamar bai taɓa sanin wuta ba. A bar shi rabin awa ya huce, a taɓa, ya tashi kamar ba shi ba. In gyara mai tsawo ya je yi, ba damuwa, kafin ya gama injin ya yi sanyi. Wahalar tana wurin ƙananan ayyuka, canjin bel ko saita zare, waɗanda ba su wuce minti goma. Sai ya fito ya tsaya a ƙofar gidan mutane yana zare ido. Wata rana mijin wata mai ɗinki ya dawo ya same shi zaune a dakalin gidansa, ya shiga, ya fito, ya sake samunsa.

"Malam, an gama gyaran ko da saura?"

"An gama. Babur nake jira."

Mutumin ya dubi babur ɗin da ke tsaye a gabansu, ya dubi Mai Keke, ya ce, "Wanne?"

Auta ya kai babur ɗin wurin masu gyara. Na farko ya canza fulogi. Na biyu ya wanke kafireta, ya hura ta da baki, ya ce datti ne. Na uku ya ce koyil ne ke mutuwa in ya ji zafi, kuma ya yi magana irin ta wanda ya san abin da yake faɗa, aka sa sabo. Kwana biyu Auta yana murna, rana ta uku ya tura babur daga kasuwa har gida. Abin da ya fi ƙona masa rai, da safe yake kai musu shi kafin ya fita aiki, su bar shi a rumfa har ya huce, sannan su taka sau ɗaya ya tashi.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Ƙafarka ce dai ba ta da ƙarfi."

Na ƙarshen ma cewa ya yi, "Wannan ai ya girmi babana. Ka sayar wa masu gwangwan ka huta."

Auta ya ja babur ɗin ya tafi. Shi da kansa ya sha faɗa wa mata cewa kekensu lafiya lau yake, hannunsu ne, kuma ranar ya tuna fuskokinsu.

Duk wannan abin Yaya yana gani. Tun da ciwon ya same shi kalmominsa suka koma gutsattsari, sai ya yi ta fama kafin rabin kalma ta fito, miyau na zuba, ido ya yi ja. Mutanen gidan, saboda tausayi, suka saba da tare shi. Da ya buɗe baki sai a ce, "Ruwa? Bayi? To, Yaya, sannu." A gyara masa filo a wuce. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Amma wata takwas ke nan ba wanda ya tsaya ya ji ƙarshen maganarsa.

Duk ranar da babur ya ƙi tashi yana baya, sai ya riƙa bubbuga kafaɗar ƙanensa yana cewa, "Ta... fe. Ta... fe." Ya haɗa babban yatsa da manuni, ya ɗaga su kusa da fuskar Auta. Auta ya ɗauka cewa yake a tafi, saura kaɗan haƙurinsa ya ƙare. Sai ya ce, "Yanzu za mu tafi, Yaya, yi haƙuri."

Wata Alhamis da tsakar rana, suna dawowa daga gashi, Auta ya tsaya a kantin magani a bakin babban titi. Ya san halin babur ɗin, amma ba yadda zai bar shi a kunne da mara lafiya a kai, dole ya kashe, ya kwance ƙyallen, ya jingina Yaya da bango a kan benci, ya shiga. Minti biyar ya fito. Ya taka, ya taka, ya taka. Ba inuwa a wurin sai ta allon talla, ita ma ta gudu ta bar bencin. Ya cire fulogi da tsumma yana ƙona yatsu, ya goge, ya mayar. Ya tura da gudu ya saka giya, babur ya yi tari ya tsaya. Masu wucewa kowa da shawararsa. Wani ya ce ya ja cok, wani ya ce ya kwantar da shi gefe, wani ya ce ya zuba wa injin ruwa. Yaya kuwa daga kan benci yana dukan ƙasa da sandarsa.

"Ta... fe! Auta... ta... fe!"

Auta ya juyo, fuska sharkaf da gumi. Bai san lokacin da muryarsa ta tashi ba.

"Ina zan tafi, Yaya? Ka ga ya tashi ne? In goya ka ne mu tafi? Don Allah ka bar ni in ji da abu ɗaya!"

Yaya ya dube shi, ya sauke yatsun nan biyu a hankali, ya ajiye hannun a cinya. Tun yana yaro Auta bai taɓa ɗaga masa murya ba. Suka zauna a benci ɗaya, kowa na kallon titi, har injin ya huce don kansa.

Kwana biyu Yaya bai yi yunƙurin cewa komai ba. A kawo abinci ya ci kaɗan, a gaishe shi ya gyaɗa kai. Uwar Biyu ta tsare mijinta a bakin madafa.

"Malam, me ya faru a hanya?"

"Babur ne."

"Babur ne ya hana Yaya magana?"

Ya faɗa mata. Ta dube shi ta ce, "Kai da ko kaza ba ka iya kora da tsawa." Ba ta ƙara ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya yanke a ransa zai rabu da babur ɗin, su riƙa shiga motar haya ko da sau biyu za su canza. Ya je ƙofar ɗakin gaba sau biyu don ya ba da haƙuri, ya tsaya, ya koma.

Ranar Lahadi da sassafe Uwar Biyu ta fito da tsintsiya, sai ta saki salati.

"Malam! Fito ka gani!"

Ya fito da gudu ba takalmi. Babur ɗin yana inda yake kwana, ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida. Yaya yana zaune a ƙasa kusa da shi, ƙafar da ta shanye a miƙe, sanda a yashe, rigarsa duk ƙasa. Daga ɗakinsa zuwa wurin taku goma sha biyar ne, kuma tun da ya zo gidan bai taɓa yin ko biyar shi kaɗai ba. Ya buɗe akwatin gefen babur, ya zaro naɗin tsumman da sufanunsa ke ciki, yana ƙoƙarin kwance wani murfi mai zagaye a saman injin da hannun hagu. Sufanar tana ta zamewa.

Auta ya durƙusa zai ɗaga shi. Yaya ya ture hannunsa, ya ƙwanƙwasa murfin da sufana, ya dube shi ido cikin ido.

"Ta... fe..." Ya ja numfashi, jijiyar wuyansa ta tashi. "...t."

Auta ya tsaya da hannu a sama. Ya san kalmar. Ya sha jin ta a ƙofar gidan Yaya ranar Asabar, lokacin da yake tsayawa nesa yana kare rigarsa. Bari in duba tafet, Auta, sai mu gaisa.

"Tafet," ya ce. "Tafet kake cewa."

Yaya ya rufe ido, ya gyaɗa kai sau uku.

Uwar Biyu ta ajiye tsintsiya ta kawo buhu da filo. Ba wanda ya sake maganar mayar da shi ɗaki.

Aikin ya ci musu awa biyu, domin mai ilimin ba shi da baki, mai hannun kuma ba shi da ilimin. Yaya zai nuna da sanda, Auta ya taɓa, in daidai ne a gyaɗa kai, in kuskure ne a doki ƙasa. Suka kwance murfi biyu, na gaba da na baya. Suka cire fulogi. Yaya ya nuna tsintsiya, aka zaro masa tsinke ɗaya, ya sa Auta ya zura a ramin fulogin, ya riƙa danna kik da hannu sannu-sannu har tsinken ya hau ƙarshen hawansa. Sau biyu aka sake juyawa kafin Yaya ya yarda. Sannan ya kama yatsan ƙanensa ya ɗora a kan tafet ɗin, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul a cikin murfin baya, ya girgiza. Akwai ɗan motsi, kamar ba shi. Ya kai yatsan kan na gaba, wajen salansa. Ba motsi ko kaɗan, ya ƙame ƙam.

Nan Auta ya fara gane wa. Ya haɗa yatsu biyu kamar yadda Yaya ke yi. "Tazara ce babu?"

Yaya ya nuna rana da ta fara leƙowa ta kan katanga, ya dunƙule hannu, ya buɗe shi a hankali.

"In ya yi zafi ƙarfen ya kumbura. Bawul ɗin ba ya rufewa, iska ta tsere." Auta ya dafa goshi. "Shi ya sa kik ɗin ke yin laushi in ya ɗau zafi. Ni na ɗauka ƙafata ce ta saba."

Ai wannan karatun gidansu ne. Tsakanin allura da bakin ƙoshiya ma akwai tazarar da ba ta kai kaurin gashi biyu ba, in ta ɓata keke ba zai kama zare ba ko sabo ne. Shekara talatin yana saita irinta da ido da yatsa.

A cikin naɗin tsumman akwai tsohuwar reza, an nannaɗe ta da takarda. Ita ce ma'aunin Yaya. Auta ya sassauta ɗan notin, ya juya sukurun da sukudirebansa na keke, ya zura rezar, ya ɗaure. Yaya ya karɓa da hagu ya ja. Ya girgiza kai, ta yi sako-sako. Aka sake. Ta matse. Aka sake. A karo na huɗu rezar ta wuce da ɗan riƙo, kamar wuƙa cikin sabulu, Yaya ya saki wani gurnani wanda Uwar Biyu ta rantse dariya ce.

Da aka tayar, sai ga cak-cak-cak ɗin nan ta dawo. Auta ya ɓata fuska, ya nuna injin. Yaya ya ɗaga babban yatsa. Ashe lafiyar ke nan, shirun da Auta ya yi wa murna shi ne ciwon.

Saura gwaji. Auta ya fita ya zaga unguwa har sau huɗu, ya hau gadar sama ya sauko, sai da ya ji zafin injin yana dukan ƙaurinsa. Ya dawo tsakar gida ya kashe. Su uku suka zuba wa babur ido, Uwar Biyu tana duba agogon wayarta. Da minti biyar ta cika ya hau, ya murɗa mai, ya taka. Shiru. Sanda ta sauka a ƙasa, Yaya yana nuna hannun ƙanensa na dama yana harara. Auta ya saki man gaba ɗaya, ya nemo inda kik ya yi tauri, kuma yanzu da taurinsa, ya taka da nauyinsa duka. Babur ya ɗauka, kajin maƙwabta suka watse.

Ya kashe, ya sauko, ya durƙusa gaban yayansa a kan buhun, hannuwa baƙi ƙirin.

"Yaya, ka yafe mini. Wata nawa kana gaya mini, ni kuma..."

Yaya ya daɗe yana haɗa bakinsa. Wannan karon ba wanda ya tare shi. Uwar Biyu har ta buɗe baki, ta rufe da hannu.

"Ja... ki," Yaya ya ce, tas, ya ɗora masa hannu a ka.

Uwar Biyu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana share ido da bakin ɗankwali.

Daga ranar aka sauya tsari a gidan. In Yaya ya fara magana, duk abin da ke hannunka ka ajiye. Abubuwan da suka fito sun ba su kunya. Ashe takalmin da ake sa masa ranar gashi yana cin ɗan yatsansa, har wurin ya yi kanta. Ashe yana son a juya gadonsa ya fuskanci taga. Wanda ya fi taɓa Uwar Biyu shi ne na shayi. Sai da ya yi kwana biyu kafin ta gane cewa ba ya shan madara, bai taɓa sha ba tun yana saurayi, ita kuma kullum sai ta cika masa don ya yi ƙarfi.

"Haba Yaya! Wata takwas kana shanyewa?"

Ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ke ɗaguwa.

Maganarsa ba ta dawo kamar da ba, kuma likita bai taɓa yi musu alkawarin haka ba. Ta dai kai yana haɗa kalma uku ko huɗu, ƙafar kuma ta kai shi har ƙofar gida, inda aka ajiye masa kujerar roba. Ya ƙara shekara uku a ɗakin gaba. A shekarun nan Mai Keke ya rage fita da wuri. Yakan zauna da kofinsa a bakin gadon Yaya har hantsi, domin labarin da a da Yaya zai bayar a minti biyu yanzu yana cin rabin awa, kuma yawanci labarin mutanen da Auta bai ma sani ba ne. Wasu teloli suka gaji da jira suka koma wurin wani. Shugaban layin, wani tsohon tela mai yawan mita, ya tare shi wata rana ya ce, "Mai Keke, ka yi arziki ne ka daina sammako?"

Ya sauke jakarsa, ya zauna gaban keken mutumin, ya gyara tabarau.

"Ina da aiki a gida da safe," ya ce. "Kawo fitila nan. Wa ya taɓa wannan?"